Gani Ya Kori Ji? Tarihin Koyar da Kawar da Son Rai a Ɗaukar Hoto



Watakila wani zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da ɗaukar hoto, saboda haka bari in fara da wannan. Kwanakin baya wani ɗalibi daga sashen zane-zane ya same ni a ofis da wata 'yar matsala. An ba su aikin rubutu a kan wata kalma da malaman hoto na Turai suke yawan ambatawa, yana so ya san yadda za a faɗe ta da Hausa. Abin da kalmar take nufi shi ne mai hoto ya nuna abu yadda yake, ba tare da ya cusa sha'awarsa ko ƙiyayyarsa a ciki ba. Muka yi ta juya ta. Na ce "gaskiya", ya ce ta yi faɗi da yawa. Na ce "adalci", ya ce ai ba shari'a ake yi ba. Daga ƙarshe muka tsaya a kan "kawar da son rai". Da ya tashi zai fita sai ya juyo ya ce, "Amma Malam, kyamara ai ba ta da rai, balle son rai. To, mene ne abin koyo a nan?"

Wannan tambaya ita ce ta kawo mu nan yau. Abin da nake so in nuna shi ne, kawar da son rai a hoto ba ya fitowa daga cikin na'ura. Tarbiyya ce da mutane suka ƙago, suka shimfiɗa mata ƙa'idoji, har suka buɗe mata aji suka koyar da ita. Aji mafi shahara a wannan fanni kuwa yana garin Dusseldorf a ƙasar Jamus, ƙasar da na yi karatun digirina na uku, kuma can za mu fi daɗewa. Amma dole mu ɗan waiwaya baya tukuna.

Ran 19 ga watan Agusta na 1839 aka bayyana wa duniya, a birnin Faris, hanyar ɗaukar hoto da Louis Daguerre ya gano. Mutanen zamanin sun ɗauka cewa an sami shaidar da ba ta karɓar toshi, domin haske ne da kansa yake zana abin a jikin faranti, hannun mutum bai taɓa ba. A Ingila ma, sa'ad da Fox Talbot ya fara fitar da littafinsa na hotuna a 1844, sunan da ya ba shi yana nufin alƙalamin halitta, watau halitta ce take rubuta kanta. Mu Hausawa muna da irin wannan imani tun kafin mu san hoto, shi ya sa muke cewa gani ya kori ji.

Amma fa imanin bai cika shekara biyu ba aka sami wanda ya yi masa dariya, kuma, tun da akwai ma'aikata a cikinmu, bari in ce ma'aikacin gwamnati ne. Hippolyte Bayard akawu ne a Ma'aikatar Kuɗi ta Faransa, shi ma ya gano tasa hanyar ɗaukar hoto a kan takarda, sai gwamnati ta fifita Daguerre, ta yanka masa fansho na tsawon rai, ta bar Bayard da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1840 sai ya tuɓe riga, ya jingina, ya rufe ido, ya ɗauki hoton kansa kamar gawar da aka tsamo daga ruwa, ya rubuta a baya cewa baƙin cikin abin da gwamnati ta yi masa ne ya sa ya faɗa kogi. Kyamara ba ta ƙara kome ba, ba ta rage kome ba. Abin da aka ajiye a gabanta shi ta ɗauka. Ga shi kuwa mai gawar ya ƙara fiye da shekara arba'in a duniya. Haka nan a yaƙin Kirimiya, a 1855, Roger Fenton ya ɗauki hoto biyu na wata hanya a cikin kwari daga wuri ɗaya: a ɗaya hanyar fayau take, a ɗayan kuwa ƙwallayen igwa sun bazu a kanta. Masu binciken da suka auna hotunan sun nuna cewa mai ƙwallayen shi ne na biyu, watau wani ne ya kwaso su ya zuba.

Da aka gane cewa na'ura ba za ta tsare gaskiya ita kaɗai ba, sai aka koma ɗaure hannun mai riƙe da ita. Wanda ya fi yin fice a nan shi ma akawu ne, Alphonse Bertillon, na ofishin 'yan sandan Faris. A shekarun 1880 ya tsara yadda za a riƙa ɗaukar hoton wanda aka kama: sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta gefe, da nisa iri ɗaya, da haske iri ɗaya, domin a iya jera fuska dubu a gwada wannan da waccan. Duk wanda ya taɓa zama a gaban farin ƙyalle aka ce masa kada ya yi murmushi domin hoton fasfo, to, jikan wannan tsari ya gamu da shi. Ku riƙe wannan, domin zai dawo.

Jamus bayan yaƙin duniya na farko

Kafin yaƙin 1914, masu ɗaukar hoto da suke son a kira su masu fasaha sun kasance suna dusashe hotunansu da gangan don su yi kama da zanen fenti. Bayan yaƙi sai Jamusawa da yawa suka ƙosa da duk wani ado da zuga, domin zuga ce ta kai samarinsu ramuka. A 1925 aka yi wani nunin zane-zane a garin Mannheim wanda aka sa wa suna Neue Sachlichkeit, sunan kuma ya bi zamanin gaba ɗaya. A matsayina na mai sana'ar kalmomi, ba zan wuce wannan ba sai na tsaya. Tushen kalmar ta biyu shi ne Sache, watau "abu" ko "lamari". Saboda haka abin da Bajamushe yake nufi shi ne ka tsaya a kan abin, ka bar kanka a waje. Wannan ya fi kusa da abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wa mai kewaye-kewaye, "Tsaya a kan magana."

Mutum biyu za mu ambata. Albert Renger-Patzsch ya fitar da littafi mai hoto 100 a 1928, na tsirrai da injuna da kayan masana'antu, kowanne ƙarara, ba dusashewa. Shi ya so a kira littafin "Abubuwa" kurum, amma mai buga littafin ya zaɓi sunan da yake nufin duniya tana da kyau, sunan da ya jawo masa suka har yau. Marubucin nan Bertolt Brecht yana ganin cewa hoton masana'antar Krupp, kome fitowarsa, ba ya gaya maka kusan kome game da yadda ake rayuwa da aiki a cikinta. Wannan suka ce mai nauyi, ban kuwa ga wanda ya ba ta cikakkiyar amsa ba.

Na biyu shi ne August Sander, wanda aka haifa a 1876, ya yi aikin mahaƙar tama yana yaro, daga baya ya buɗe shagon hoto a Kolon. Ya ɗaura niyyar ɗaukar hoton al'ummar Jamus duka, aji-aji, ya kasa ta gida bakwai, ya fara da manomi ya ƙare da waɗanda ya kira mutanen ƙarshe, watau nakasassu da majinyata da matattu. Kowa yakan tsaya ne sosai, ya fuskanci kyamara cikin kayan sana'arsa, a ƙarƙashi kuma ba a cika rubuta sunansa ba sai sana'ar: mai yin kek, ɗan dako, lauya, mara aikin yi. A 1929 ya fitar da hoto 60 daga ciki a littafi. 'Yan Nazi ba su ji daɗin ganin Jamusawa iri-iri haka ba, da gajere da dogo, da mai ƙiba da mai yunwa, saboda haka a 1936 aka ƙwace littafin aka lalata farantan buga shi. Ɗansa Erich kuwa ya mutu a kurkuku a 1944. Ashe nuna mutane yadda suke yana iya zama laifi a wurin mai mulki.

Duk da haka, ku dubi hotonsa da ya fi shahara, na 1914: samari uku sanye da kwat da malafa, kowa da sanda, sun waiwayo a kan hanyar ƙauye. Sander ya rubuta cewa samarin manoma ne. Bincike na baya ya gano ko su wane ne, ya kuma nuna cewa a mahaƙar tama suke aiki, ɗayansu ma a ofishinta. Hoton bai yi ƙarya ba. 'Yar kalmar da ke ƙarƙashinsa ce ta sa su a gidan da mai hoto yake bukatar cikawa.

Miji da mata da tankunan ruwa

Bernd Becher ɗan garin Siegen ne, yankin tama da ƙarfe, an haife shi a 1931. Zane ya koya. A 1957 yana cikin zana wata mahaƙa kusa da garinsu sai ya ga masu rushe ta sun fi alƙalaminsa sauri, dole ya ɗauki kyamara don ya riƙe abin da zai zana. A shekarar nan ya sadu da Hilla Wobeser, haifaffiyar Potsdam a 1934, wadda ta koyi sana'ar hoto tun tana budurwa kafin ta tsallako daga Jamus ta Gabas. Suka fara aiki tare a 1959, suka yi aure a 1961. A daidai lokacin nan ne kasuwar kwal ta yankin Ruhr ta fara faɗuwa, ana rufe mahaƙu ɗaya bayan ɗaya. Suka sa wa kansu aiki guda, suka yi fiye da shekara arba'in a kansa: ɗaukar hoton gine-ginen masana'antu kafin su ɓace. Tankunan ruwa masu hasumiya, da tanderun narkar da ƙarfe, da hasumiyoyin jan kaya daga ramin mahaƙa, da rumbunan kwal da na hatsi, da gidajen ma'aikata. Suka yi ta yawo da mota a Jamus da Faransa da Beljiyam da Holan da Ingila, daga baya har Amurka.

Yanzu ku ji ƙa'idojinsu, domin a nan amsar ɗalibina take. Ba sa ɗaukar hoto da rana tsaka. Sai sararin sama ya lulluɓe da gajimare fari fat, don kada inuwa ta ɓoye wani sashi ko ta ƙara wa ginin kwarjinin da ba nasa ba. Idan rana ta fito sai su zauna su jira, ko da kwana nawa ne. Sun fi son lokacin da itatuwa ba su da ganye. Ba sa ɗauka daga ƙasa, inda gini zai yi kamar yana faɗowa kan mai kallo; sai su hau tsani ko wani rufi har su kai kusan tsakiyar tsawonsa. Babbar kyamara suke amfani da ita, mai ƙafafu uku, wadda take miƙar da layuka kada su karkace. Hoton baƙi da fari ne. Ginin yana tsakiya, ya cika fili. Mutum kuwa da wuya ka gan shi. Sa'an nan, idan an wanke hotunan, ba a rataye ɗaya shi kaɗai: sai a jera tara, ko goma sha biyu, ko goma sha biyar, sahu-sahu, duk na iri ɗaya.

Ga amfanin jerin. A ce wani ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Katsina har Damagaram yana ɗaukar hoton rumbu, kowanne daga nisa ɗaya da tsawo ɗaya. Rumbu guda ba zai gaya maka kome ba sai cewa rumbu ne. Amma idan ka ga goma sha biyu a jere, nan take idonka zai fara aiki: wannan na laka ne, wancan na kara, wannan cikinsa ya fi faɗi, wancan an ɗora shi a kan duwatsu masu tsawo. Aiki ɗaya suke yi, amma kowace ƙasa da hannunta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ba ya saninta sai an ba shi abin gwadawa. Wannan shi ne abin da su Becher suka yi wa tankin ruwa, kuma, in kun lura, shi ne abin da Bertillon ya yi wa fuskar ɓarawo.

Aikin ya yi amfani na zahiri. Hotunansu da muryarsu suna cikin abin da ya hana a rushe babban ɗakin injuna na mahaƙar Zollern a Dortmund a 1969, abin da ya buɗe ƙofar ɗaukar masana'anta a matsayin kayan tarihi a Jamus. Gine-gine da yawa da suka ɗauka kuwa yau babu su sai a takardunsu. Mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe a ƙasar an rufe ta a Disamba 2018.

Amma bari mu yi wa ƙa'idojin tambaya. Wa ya ce gajimare ya fi rana gaskiya? Tanderun ƙarfe wuri ne na wuta da hayaƙi da ƙara da gumi, mutane dubbai suna shiga suna fita dare da rana, waɗansu suna barin yatsunsu a ciki. A hoton su Becher shiru yake kamar kushewa. Sukar da Brecht ya yi tana nan daram. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne, mutanen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu don su ɓoye hannunsu, sun ƙare da hannun da ya fi na kowa saurin ganewa: ko daga ƙofar zaure ka hango jerin nan ka san na wane ne. Sun kira littafinsu na 1970 da sunan da yake nufin sassaƙe-sassaƙen da ba a san masu su ba, kuma a 1990, a babban bikin fasaha na Benis, aka ba su lambar zinariya, ba ta hoto ba, ta sassaƙa. Sun fita neman shaida, duniya ta karɓe su a matsayin masu fasaha.

Ajin

A 1976 makarantar fasaha ta Dusseldorf ta naɗa Bernd Becher farfesan ɗaukar hoto, ya riƙe kujerar har 1996. Sunansa kaɗai ke kan takardar albashi, amma kowa ya san su biyu suke koyarwa, kuma yawancin karatun a gidansu ake yi, wata tsohuwar masana'antar takarda a bayan gari. Wannan rashin adalci ne da ya kamata a ambata, tun da Hilla ce ta zo da sanin sana'ar tun farko.

Ba su tilasta wa kowa ɗaukar tankin ruwa ba. Abin da ɗalibi yake koya shi ne ya zaɓi abu ɗaya, ya kafa wa kansa doka, ya bi ta shekara da shekaru ba tare da ya gaji ba, ya kuma daina neman hoto guda mai ban mamaki. Thomas Struth, wanda ya baro ajin zanen Gerhard Richter, ya riƙa kafa kyamararsa a tsakiyar titi da sassafe, ba kowa. Candida Höfer ta fara da Turkawa 'yan ci-rani a Jamus, sa'an nan ta koma ɗakunan karatu da zauruka, babu mutum a ciki. Thomas Ruff ya zaunar da abokan karatunsa ɗaya bayan ɗaya, ba murmushi, haske bai ɗaya, kamar hoton fasfo, amma mai launi. Daga 1986 ya riƙa buga su da tsawon da ya kai mita biyu. Ka tsaya a gaban fuskar, kana ganin kowane ƙurji da kowane gashi, amma ka tafi ba ka san kome ba game da mai ita. A ganina Ruff ya ɗauki darasin malamansa ne ya gwada shi har inda ya tsaya.

Wanda ya fi su suna shi ne Andreas Gursky, ɗan mai hoton talla, wanda ya gama ajin a 1987. Daga farkon shekarun 1990 ya fara gyara hotunansa da kwamfuta. A 1999 ya fitar da hoton kogin Rhein, faɗinsa ya haura mita uku: sama mai toka-toka, ciyawa, ruwa, ciyawa, 'yar hanya, duk a miƙe kamar an ja su da rula. Duk alamun gidan su Becher suna nan, da gajimaren, da shirun, da tsayuwar gaba da gaba. Sai dai a wurin da ya tsaya akwai masana'anta a hayin kogi, akwai masu yawo da karnuka. Ya share su duka, bai kuwa ɓoye cewa ya share ba. A Nuwamba 2011 aka sayar da hoton a gwanjo a New York a kan dala miliyan 4.3, kuɗin da ba a taɓa biya wa hoto ba kafin ranar.

Waɗansu suna cewa ya ci amanar malamansa. Ni ban tafi nan gaba ɗaya ba. Malaman sukan jira mutane su wuce, rana ta ɓuya, ganye ya zube. Shi ya ƙi jira, ya kawar da su da hannunsa. Niyyar tsabtace fili ɗaya ce. Amma akwai bambancin da mai nazarin tarihi ba zai yafe ba, haka ma ma'aikacin da za a kawo wa hoto a cikin fayil a ce ga gadar da aka gina. Tankin da su Becher suka ɗauka ya tsaya a wurin a ranar, an rubuta garinsa da shekarar, injiniya zai iya ƙirga ƙusoshinsa. Sun zaɓi abin da za su nuna, amma ba su taɓa abin da suka nuna ba, kuma dokokinsu a fili suke, kowa zai iya bin sawunsu ya ga inda suka rage. Kogin Gursky kuwa ba a taɓa yin ranar da ya kasance haka ba. Abin da na gaya wa ɗalibina ke nan da ya dawo: idan an ba shi hoto, ya tambayi inda mai shi ya tsaya, da abin da ya jira, da abin da ke bayan gefen takarda, da wanda ya rubuta kalmar ƙasa, idan kuma shi ne mai ɗauka, ya iya ba da waɗannan amsoshi ba tare da kunya ba.

Bernd ya rasu a 2007, Hilla a 2015. Ina ɗalibi a can na taɓa shiga jirgin ƙasa zuwa Dusseldorf wata ranar Asabar, na haye gada zuwa unguwar Oberkassel, na bi gaɓar kogin ina neman inda Gursky ya tsaya. Na sami ciyawar, na sami 'yar hanyar, sama ma ta yi mini kirki ta lulluɓe. A hayi ga tashar wutar lantarki da bututunta, wani jirgin dakon kaya yana wucewa a hankali, wata tsohuwa kuma ta tsaya kusa da ni tana kiran karenta da ya ƙi fitowa daga ruwa.